Dajin da Ba Shi da Inuwa

Zuwa gare ka, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, ka warware gajiyar jirgi, ka sami kusurwar da za ka shimfiɗa sallayarka. Allah ya tsare ka a ƙasar da ba ka san kowa ba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na abokin tafiya.

Na san ka yi mamakin ganin rubutuna a ƙasan akwati, tsakanin ledar kuka da kwalbar yaji. Shekara goma sha huɗu muna shaƙƙa ɗaya a unguwar Hayyin Ashir nan Alƙahira, gidan bene mai ɗaki biyu da falo, in ka yi tari a ɗakinku ina ji daga kicin, amma ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Yanzu ma ka ga dabarar da na yi, na bari sai da teku ya shiga tsakaninmu. Rashin ƙarfin hali ne, ba sai wani ya gaya mini ba.

Takardar da ka manna a jikin firji ce ta sa na ɗauki biro. Kai da ko ƙofar makarantar da za ka shiga ba ka gani ba tukuna, har ka gama tsara yawon yini guda da abokan da za su tarbe ka, wai za ku je gandun dajin nan na Kalifoniya mai manyan itatuwa. Na ga hoton da ka nuna wa ƙanwarka Hafsa, mutum tsaye a gindin itace kamar tururuwa a gindin turmi. Ka jera komai da Larabcinka mai kyau: motar haya, taswira, ruwa, rigar sanyi. A can sama kuma, ka ja masa layi har biyu, ka rubuta a ƙirga mutane kafin mota ta tashi. Ina tsaye da ludayi a hannu na karanta, ban motsa ba sai da na ji miyata ta kama.

Ashe ba ka manta ba. To bari in ba ka labarin ranar yadda ta faru a idona, don wanda kake riƙe da shi bai cika ba.

Kana shekara tara. Ɗalibai sun gama jarrabawa, zafi ya kankama. Malam Sanusi, aminin babanku tun suna cin abinci a kwano ɗaya a masaukin ɗalibai, ya zo da labarin wani daji a bayan Ma'adi da hukuma ta killace, wai itatuwansa manya ne na ban mamaki, kuma don tsufa har sun zama dutse. Ya faɗi maganar dutsen, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni da na shekara huɗu ban ga itacen kirki ba sai na bakin titi da ƙura ta rufe, abin da raina ke so shi na ji. Na hango tsamiyar ƙofar gidanmu ta Azare, na hango mu zube a ƙarƙashinta, yara na guje-guje. Sauran matan unguwarmu ma haka. Babu wadda ta tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya taɓa zuwa wurin. Babu kuwa. Shi kansa Malam Sanusi a bakin wani ɗan ajinsu ya ji.

Saboda haka kafin ku kama hanya, ka nemi wanda ƙafarsa ta taka wurin, ka tambaye shi. Hoto ba ya gaya maka nisan da ke tsakanin inda ake ajiye mota da inda itacen yake, ba ya gaya maka ko akwai famfo, ko waya na kamawa. Kada ka ji kunyar a ce baƙo ya cika tambaya. Baƙo ne kai ɗin.

Kuskurena na gaba a kicin na yi shi. Ka san ni da son a yaba girkina. Kwana biyu ina fama: dambun nama, funkaso, dafa-duka, ga zoɓo da na zuba wa sukari ba tausayi. So nake matan unguwa su ci su yi shiru. Da safe da na zo shirya kula, tukunyar dafa-duka ta ƙi shiga, sai na fitar da gorunan ruwa huɗu na ajiye su a bayan ƙofa, na ce ai ga zoɓo. Da muka dawo gida bayan kwana biyu suna nan inda na bar su. Na daɗe ban iya kallon bayan ƙofar nan ba. Kai dai ka fara sa ruwa a jaka kafin komai, abin da ya rage na wuri ka ba abinci. Ba wanda yunwar yini guda ta taɓa kayarwa a gabana, amma ƙishirwa na ga aikinta.

An ce za a tashi bayan sallar asuba. Ka san mutanenmu. Wannan tana wa jariri wanka, wancan ya tafi neman batirin kyamara, waɗancan sun tsaya gaisuwa a matattakala kamar sun shekara ba su haɗu ba. Sai wajen sha ɗaya mikrobas biyun da aka ɗauko, ƙananan motocin hayar nan, suka cika, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata da ƙananan yara. Direbanmu, wani dattijon Bamisre, ya gaji da cewa yalla, wato mu tafi. Da aka sake gaya masa inda za mu, ya waiwayo ya dube mu, ya dubi yaran, ya ce, "Yanzu? A wannan ranar? Wallahi haramun ne a kanku." Mata suka yi dariya, aka ce mutumin nan ya cika mita. Ni na ji shi sarai, kuma zuciyata ta ba shi gaskiya. Amma maza sun riga sun yanke, an biya mota, ga girkina a kula. Na ja bakina na tsuke.

In lokacin da kuka sa ya wuce, ku fasa. Ka ce khalas, sai wani satin. Itacen da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye zai jira ku kwana bakwai. Kuma in ka ji ɗan gari ya yi gargaɗi, ko da mai shara ne, kada ka biye wa dariyar abokai.

Babanku bai je ba, ka tuna. Yana asibiti yana yi wa wani mara lafiya da ya zo daga gida tafinta. A bakin mota ya kama hannun Malam Sanusi ya ce, "Ga amanar iyalina nan." Wadda ta bi mu ita ce yayar babanku, Gwaggo Asabe, da ta zo aikin ido tana jiran ranar da likita ya ba ta. Yanar ido ta rufe mata duka biyun, da ƙyar take bambanta mutum da ƙofa, amma ta rantse ba za a bar ta ita kaɗai a shaƙƙa tana kallon bango ba. Ita ce ke ce maka Babana, tunda sunan mahaifinta gare ka. Kusa da ita ka zauna da za mu tafi, ni ina ɗaya gefenta da Hafsa a cinya.

A nan sai na tsaya na gaya maka abin da ka girma a cikinsa ba a taɓa yi maka bayani ba. Yadda aka tarbiyyantar da ni, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a jawo shi jiki a gaban mutane, ba a tambayar ya ci ko bai ci ba. Kai kuma naka ya zama biyu, ga ka ɗan fari, ga ka mai sunan surukina. Shi ya sa duk unguwa ke ce mini Maman Hafsa alhali ka girme ta da shekara biyar, shi ya sa kake ce mini Adda kamar yadda ka ji ƙannena na faɗa. A Azare wannan bai cutar da kowa. Gida cike yake da iyaye, in uwa ta kau da kai akwai kaka, akwai inna, akwai matar kawu, ido goma na kan yaro. Ni sai na ɗauko al'adar na kawo ta hawa na huɗu a Alƙahira, na baro mutanen da ke riƙe ta a can. Ban gane haka ba sai da na kusa rasa ka.

Da muka isa, Gwaggo ce ta fara magana. Ta ce, "Mun iso inuwar?" Yashi ne da tsakuwa iya ganinka, tudu bayan tudu. Itatuwan suna nan, manya kamar yadda aka faɗa, amma a kwance suke, gungume-gungume baƙaƙe da jajaye, wasu sun karye gida-gida, in ka taɓa sai ka janye hannu don zafi. Ko ganye ɗaya babu. Muka tsaya riƙe da tabarminmu kamar waɗanda suka zo biki aka ce an ɗaga. Daga baya muka ɗaura zannuwa tsakanin motocin biyu muka cusa kai a ƙarƙashi. Dafa-dukar da na yi kwana ina tunani ko rabi ba a ci ba, kowa ruwa yake nema.

Kai kaɗai ka ji daɗin wurin. Kana ta shafa dutsen, kana leƙa ƙarƙashinsa. Ka rugo wurina fuskarka duk gumi ka ce, "Adda, zo ki gani, har da ɓawonsa!" Gwaggo na zaune kusa da ni. Na ce, "Je ka wurin maza." Ka tafi. Na bi ka da ido ta gefen mayafi, na ga ka kama wani dogon gungume kana bin sa, har farar hularka ta ɓace a bayan tudu.

Ba mu yi awa biyu ba jaririn wata ya fara amai, ruwa kuma ya ƙare. Aka ce a tattara. Kowa ya faɗa mota a gigice. Malam Sanusi ya ƙirga motar maza, ya zagayo tagarmu ya ce, "Mata, kun cika?" Suka haɗa baki, "Mun cika, Malam." Ya san a motarmu ka zo, don haka bai neme ka a tasu ba. Matan kuma sun ji na kore ka wurin maza.

Abin da ka sani ke nan, kuma abin da babanku ya sani ke nan. Ga wanda ba ku sani ba.

Na san ba ka cikin motarmu. Na duba kujerar kusa da Gwaggo, kula ce a kai. Na leƙa motar maza ta gilashi, na bi huluna ɗaya bayan ɗaya, babu taka. Gabana ya faɗi tun kafin direba ya tada inji. Na buɗe baki, sai na ji kafaɗar Gwaggo a jikin tawa, ga mata bakwai a mota. Me zan ce? In ce ina ɗana? In kira sunan mahaifinta a gabanta? Sai na ce wa raina, yanzu Gwaggo za ta lura, ai ɗanta ne. Ka ji wauta, na zauna ina jiran matar da ba ta ganin tafin hannunta ta gano babu kai. Na ce wataƙila ka sunkuya ne a motar maza. Na ce bari mu kai ƙofa, za a tsaya. Muka wuce ƙofa, mai gadi ya ɗaga mana hannu. Muka hau kwalta. Ina jin kowace ƙara ta tayar motar nan a cikina, bakina kuma kamar an ɗinke.

Ban san iya tafiyar da muka yi ba, amma har gine-gine sun fara bayyana. Hafsa ce, tana shekara huɗu, ta ɗago kai daga cinyata ta ce, "Umma, ina Yaya?" Ko a nan ma ban yi ihu ba. Cewa na yi, "Gwaggo, kin ji abin da yarinyar nan ke faɗa?" Gwaggo ta lalubi kujera, hannunta ya sauka a kan kula, ta ƙwalla, "Ina Babana? Ku tsaya! Ina Babana?"

Sauran ka sani, ko ka ji an faɗa. Malam Sanusi ne ya gan ka, kwance a jikin wani gungume inda 'yar inuwar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, leɓɓanka sun tsage, jikinka zafi kamar murhu, gumin ma ya daina fita. Ya saɓo ka a kafaɗa yana gudu a yashi, takalminsa ɗaya ya cire bai tsaya ba. Kwana biyu ka yi ana maka ƙarin ruwa. Likitan ya dube mu ya girgiza kai kawai, kuma gara da ya zage mu.

A barandar asibitin babanku ya tsare Malam Sanusi. Ban taɓa jin muryarsa ta yi sama haka ba. Ya ce, "Na ba ka amana ka zubar a daji." Malam Sanusi ya sunkuyar da kai, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce, "Haka ne. Laifina ne." Ina tsaye a bayan ƙofa ina ji. Kalma uku za su wanke shi, ban furta ba. Daga ranar aminci ya mutu. Shekara goma ke nan, gaisuwar masallaci kaɗai ke haɗa su. Kai ma ka tashi da abin, na sha ganin yadda kake miƙa masa hannu kana kallon wani wuri.

Kuma ina zaton ya sani. Da ya zagayo tagarmu ranar, idonmu ya haɗu, ya ga ina leƙen motarsu. Wata Sallah, bayan ya koma Hada'iƙul Ma'adi ciwon suga ya fara cin ƙafarsa, na je gaida matarsa, muka yi kiciɓis a matattakala. Ya tsaya yana numfashi, ya ce, "Maman Hafsa, yaron ya girma, ma sha Allah. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na sauka, na zauna a tashar metro jirgi uku suka wuce ni.

To ka ji. In wani abu ya lalace a tafiyarku, ko a karatunka, ko a zamanka da mutane, kuma kana da hannu a ciki, ka faɗi naka kason a ranar, tun ana tsaye. Washegari ya fi wuya, bayan shekara kuwa sai ka ga ka gina rayuwa a kansa. Kada ka bar mai kawaici ya ɗauki kayanka don ka ga ba zai yi magana ba.

Wani abin da ke hana ni sukuni shi ne ka gaje ni. Bara, lokacin da gari ya rikice ana dokar hana fita, ka yi kwana uku da zazzaɓi a ɗaki, Hafsa ka aika ta sayo maka magani a ɓoye, ni da ke dafa abin da kake ci ban sani ba sai da na ga kwalin a shara. Ban yi fushi da kai ba, a wurina ka koya. Amma can inda ka je ba mai karanta fuskarka. In ka gaji a hanya ka ce na gaji. In kanka na juyawa ka ce a tsaya. In ka duba mota ka ga babu wani, ko ba ka tabbata ba, ka ɗaga murya ka kira sunansa har mutane su waiwayo, in ya fito daga bayan kujera a yi maka dariya, dariyar ba ta kisa. Kada ka ware kai kaɗai don ka ga wani itace ya fi kyau a gaba, na san halinka da bin abu har ƙarshensa. Ku gaya wa wani da ba ya cikin tafiyar inda za ku da lokacin da za ku dawo. An ce wurin kan dutse ne, da sanyi ko da rani, ka sa rigar nan mai kauri da muka saya a Wustul Balad, ko da ka ce ta yi maka kama da ta tsofaffi. Ka duba alƙibla tun kuna fili, don a cikin itatuwa irin waɗannan ba lalle ka ga rana ba.

In kuma Allah ya ba ka iyali wata rana a wata ƙasa, ka duba ko akwai kaka da inna a kusa kafin ka ce za ka yi wa ɗanka kunya. In babu, ka ajiye ta. Ban ce al'adarmu banza ce ba, a cikinta na girma kuma na ga kyanta. Ni ce na riƙe ta a inda ya kamata in sake.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Da ka farfaɗo a asibiti, Gwaggo na gefen gado tana jan carbi, ni ina riƙe da kofi. Ka dube ni da idanun da suka faɗa ka ce, "Adda, kin neme ni?" Na ce, "Sha ruwanka." Ka sha. Ba ka sake tambayata ba, kuma tun daga ranar ba ka sake kirana in zo in ga wani abu ba.

Amsar ita ce ban neme ka ba. Na san ba ka nan, raina na tsaye a kanka, kuma ban neme ka ba. Ba rashin so ba ne, Allah shi ne shaida, amma son da bai buɗe baki ba bai amfane ka da komai ba a cikin ranar nan. Ina roƙonka gafara. Ban iya faɗa da baki ba, ga shi a rubuce.

In mun dawo daga rakiyarka zan zaunar da babanku in gaya masa duka. Ban san yadda zai ɗauka ba, kuma ina tsoro, shekara ashirin da aure ban taɓa jin tsoron magana da shi irin wannan ba. Kai kuma ka nemi lambar Malam Sanusi wurin Hafsa, ka kira shi ka gaishe shi gaisuwar ɗa, tun ƙafar nan ba ta kwantar da shi ba. Shi ya ɗauko ka, ba shi ya bar ka ba.

Ni kuwa ba zan matsa maka ba. In ka kira gida ka ce wa babanku a gaida su Adda, zan amsa daga kicin, zan kuma gane. In ka ce a ba ni wayar, zan goge hannuna in zo.

Allah ya kai ku wurin itatuwan nan lafiya, ya dawo da ku a cike, ba wanda aka bari. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya yi maka albarka. Wannan kam kullum ina faɗa bayan kowace salla, a hankali, yadda ba mai ji.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hayyin Ashir, Alƙahira